Littafin da Na Kasa Jefawa a Shara

Tun ranar da ƙanin maigida ya sauka gidanmu na Tandabawi hankalina bai kwanta da shi ba. Ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba, ɗan ƙanin mahaifin maigida ne, daga reshen gidan da bai taɓa barin Najeriya ba. Mu a Makka aka haife mu, ni da maigida, kakanninmu ne suka zo aikin hajji a ƙasa suka zauna. Shi kuwa da igama ya zo, takardar zaman baƙo, aka sama masa aikin karɓar baƙi a wani otal a Jarwal saboda yana jin Turanci. Maigida ya ce ya zauna a ɗakin saman bene kafin ya samu wuri. Shekara uku ana neman wurin nan.

Ba wani laifi ya yi mini ba. Mutum ne mai shiru, mai wanke kwanon da ya ci abinci, abin da ban taɓa gani a jinin gidansu ba. Ya bar mata da 'ya'ya uku a gida, kuma ba shi da hira sai ta ranar da zai kawo matar nan ta ga Ka'aba. Tsarabar da ya kawo mini turmin atamfa ce, shuɗiya mai zanen ganye, na ɗinka, ƙyallen da ya rage na jefa a durowa.

Abin da ya tsaya mini a rai uwarsa ce. Tubabbiya ce, daga wani ƙauye a cikin duwatsun kudu da Zariya, ubanta mai wa'azi a coci. Ta musulunta, danginta suka juya mata baya, ta rayu tana salla ta rasu tana salla, duk dangi sun shaida. Na ji wannan, na kuma ce Allah Ya ji ƙanta. Amma a cikina ina cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ni kakan nake kallo, ba uwar ba.

Sai na zama mai gadi ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba. Tagar kicin ɗina tana kallon famfon tsakar gida, ta nan nake duba alwalarsa, ko zai tsallake gwiwar hannu ko ya manta shafar kunne. Bai taɓa mantawa ba, wannan kuma ya ƙara ba ni haushi. Na lura duk Lahadi sai ya yi waya da wasu mutane cikin wani yare da ban sani ba, yana dariya irin wadda ba ya yi da mu. Da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, a cikin wasan nake jefa ƙugiyata.

“Ɗan boko, yau kuma da su wa ake ta ƙus-ƙus?”

“Kawunnaina ne, Yaya. Ranar ce suke gida.”

“Bayan sun sauko daga ina?”

Ya yi murmushi ya ce, “Daga inda kike zato.”

Har gwaji na shirya masa. Wata Magariba ƙafar maigida ta hana shi fita masallaci, na ce ai ga ƙaninka nan, ya ja mu salla. Ya ja, da murya mai sanyi, ba gargada ko ɗaya, har 'yata ta ce wa ubanta bayan sallama, “Wallahi Ammi ya fi limamin hara,” wato baffan nata ya fi limamin unguwarmu. Ni dai na naɗe dardumata na ce a raina, ai mai ɓoye abu shi ne ke fin kowa iyawa.

Ranar hutunsa nake jin ƙunƙunin. Idan na hau rufin bene shanya bayan La'asar, sai in ji shi a ɗaki yana karatu ƙasa-ƙasa, da Turanci, murya tana hawa tana sauka kamar mai wuridi. Wata rana ya sauka amsa sallama ya bar ƙofa a buɗe. Ban shiga ba, leƙawa na yi, amma leƙen ya kai ni har bakin katifa. Littafi ne baƙi, mai kauri, gefensa duk ya cinye. Na karkata bangon ga hasken taga, sai ga shatin gicciye, zinaren ya goge amma gurbinsa na nan. Na mayar da shi yadda yake. Abin kunya, tare da tsoron da ya kama ni har da wani ɗan daɗi na ji, daɗin wadda aka daɗe ana ce mata mai zargi.

Wanda ya san Makka ya san nauyin abin da na gani. Gari ne da wanda ba musulmi ba ba ya shigarsa. Baƙo mai igama kuwa zamansa a hannun kafilinsa yake, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ba sai an kai shi gaban kowa ba, magana ɗaya ta isa a ce masa an gode. Sannan gidan namu ne. Mu da har yau wasu ke kallon fatarmu suna tambayar daga ina, ba mu da bayan ɗaukar irin wannan suna.

Na jira Juma'a, bayan an sauko, muna kan tabarma da tuwo da miyar kuka. Na ce, “Alhaji, tambayi ƙaninka abin da yake karantawa a sama.”

Maigida ciwon suga ya riga ya cinye masa rabin gani, sai ya juya kai wajen da ya ji numfashin ƙanin. Shi kuwa bai yi musu ba. Ya wanke hannu, ya hau, ya sauko da littafin ya ajiye a kan matashi.

“Na kakana ne, Yaya. Shi kaɗai ya ba mahaifiyata ranar da ta bar gida. Da shi ta koya mini Turanci, shi ne kuma abin da ta bar mini.”

“Injila ce?” in ji maigida.

“A'a. Huɗubobi ne.”

Ya yi mana bayani a hankali, yana kallon tabarma. Ya ce shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a Ingila, sarkinsu ya ɓata da babban jagoran addininsu da ke wata ƙasa, ya mai da kansa shugaban cocin ƙasarsa. To limaman ƙauyuka da yawa ba su da ilimi, masu ilimin kuma fada ba ta yarda da bakinsu ba. Sai aka sa manyan malamai suka rubuta wa'azi, aka raba wa kowane gari, liman ya tashi ranar Lahadi ya karanta yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi.

“Me ke cikin wa'azin?” in ji maigida.

“Yawanci biyayya. A bi sarki, don Allah ne Ya ɗora shi. Ko azzalumi ne kada a ɗaga masa makami, a yi haƙuri, a yi masa addu'a, mutane su duba zunubinsu. Sai haƙƙin ɗakin ibada, a share shi, a gyara rufinsa idan yana yoyo, kada a mai da shi wurin hira da ciniki.”

Maigida ya yi dariya har da tari. “Kai, ai bin na gaba bin Allah ke nan. Yau ɗin nan abin da liman ya faɗa mana ke nan. Wato sarkin ne ya sa a rubuta a bi sarki?”

“Shi ne abin da ke sa nake ta komawa ciki, Yaya. Ina so in gane inda malamin ke faɗar tsoron Allah da inda yake faɗar tsoron fada.”

Nan dariyar maigida ta ɗauke. A gidanmu ba a hirar masu mulki a kan tabarmar abinci, ko na Ingila ne, ko sun shekara ɗari biyar a ƙasa. Ya ce, “Halas. Wannan maganar ta tsaya nan. Littafin uwarka ne, ba zan ce ka yar ba. Amma ka kai shi ƙasan akwati, kada ido ya sake ganinsa.”

'Yata, wadda ke aiki a kantin magani kuma Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ta ja littafin ta buɗe. Ta ce Turancin tsoho ne, da ƙyar take tsintar kalmomi. “Amma Ummi, shufi, duba nan, kusan kowane layi akwai sunan Allah. Ga Annabi Musa, ga Annabi Dawuda, ga Annabi Isa.” Na ce ta ajiye ta je ta wanke hannu.

Kowa ya gamsu ban da ni. Da ina zarginsa da abu ɗaya, yanzu sun zama biyu. In ba addinin kakansa ke jansa ba, to me ya haɗa mai karɓar baƙi a otal da auna maganar malamai da sarakuna? Kuma waye zai ɗauko littafi mai gicciye tun daga Najeriya, ya ratso da shi filin jirgi, don kawai uwarsa ta taɓa shi? Ni uwata ta bar mini tukunya, ban kai ta Madina ba. Ƙunƙunin ya daina, amma sai shirun ya fi damuna, don na san akwatin yana bisa kaina, daidai saman ɗakin da nake salla.

Da hajji ya zo otal ɗinsu ya tura shi Mina tare da alhazan da suka sauka wurinsu, kwana biyar. Ranar Arfa Makka kan zama kamar an share ta, maza duk sun fita aiki ko ibada, mu matan gari kuma ranarmu ce ta cika Harami. Da hantsi na yi wanka na sa abaya, na hau bene. Akwatin ko kwaɗo babu. Na ɗaga kayansa, na ɗauko littafin, na mayar da komai yadda na same shi.

Niyyata kwandon sharar bakin layi. Na je har gabansa, na ɗaga murfin, warin ragowar shinkafa da ɓawon kankana ya bugo ni, sai hannuna ya ƙi. Mu kakarmu ta rene mu a kan cewa takarda mai rubutu ba ta kwana a ƙasa. Tana tafiya za ta duƙa ta tsinci 'yar takarda, ta karkaɗe, ta cusa a tsagar bango, ko da ba ta san abin da ke jiki ba, wai ko akwai sunan Allah. Ni kaina har yau katin biki ba ya shiga shara sai na yanke bisimillar da ke samansa. Ga shi 'yata ta faɗa da bakinta, kowane layi. Yaya zan kwantar da Annabi Musa a kan ɓawon kankana?

Na koma gida da shi ina tsaki. Na yi tunanin ƙonawa, amma littafi mai kaurin bulo ba ya cinyewa a kan murhun gas, kuma hayaƙi a rufin bene ranar da gari ya yi tsit ai kiran maƙwabta ne. Na yi tunanin binnewa, Tandabawi kuwa dutse ne da siminti. Sai na tuna da akwatin masallacin unguwa, koren akwatin ƙarfe da ke jikin bango ta waje, inda ake saka tsofaffin shafukan Alƙur'ani da duk takardar da ake jin nauyin yarwa. A sanina masu kwashewa ba sa dubawa, ɗauka suke su kai inda ake binnewa. Na ga ai na samu mafita mai tsabta, littafin ya bar gidana, sunayen Annabawa kuma ba su wulaƙanta ba. Don kada gicciyen ya gogi ayoyi, na jawo ƙyalle daga durowa na naɗe shi tsaf, na ƙulle. Na zura shi a akwatin, na wuce Harami na yi ɗawafi da zuciya wasai.

Ya dawo daga Mina ya yi baƙi, murya ta dushe. Washegari na ji motsin akwati a sama, ana ja ana turawa, aka daɗe. Na shirya amsata, na ma shirya faɗan da zan rufe shi da shi. Ya sauko ya ce, “Yaya, ina kwana,” ya ɗauki shayinsa. Bai tambaya ba, ran nan ko wata rana. Na ce a raina, ka ga mara gaskiya, ko cigiyar kayansa ba ya iya yi.

Bayan kamar mako biyu ladanin masallacin ya yi sallama da hantsi. Tsoho ne mutumin Damagaram, ba shi da mugunta, sai dai bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ashe shi ke buɗe akwatin, ya ware shafukan da za su gyaru kafin a kwashe sauran. Ya ga ƙunshi, ya kwance. Da ya ga gicciye, ga rubutun biro a bangon ciki, sai ya kai wa masu jin boko a cikin masallaci su karanta masa. Sunaye uku ne a jere, na kakan, na uwar, sannan cikakken sunan ƙanin maigida, har da sunan gidansu, wanda shi ne sunan da ke jikin ƙofarmu. Ni ban taɓa buɗe bangon ba.

Ina bayan labule da tiren shayi na ji yana cewa, “Alhaji, ni ban so ta yi nisa ba, shi ya sa na kawo maka da kaina. Amma mutum huɗu ko biyar sun gani.”

A unguwarmu mutum biyar ai gari ne. Maigida ya shafa littafin da tafin hannu, ya ɗaga murya ya kira ƙaninsa, wanda ke shirin fita aiki. Ya shigo ya durƙusa. Ta gefen labule nake kallonsa. Bai dubi littafin ba, ƙyallen da ke ƙarƙashinsa ya duba, shuɗi mai zanen ganye. Sai a lokacin ni ma na gane abin da na jawo daga durowa. Rigar atamfar tana jikina ma a ranar.

“Yaya aka yi wannan ya je masallaci?” in ji maigida.

Ya ce, “Ni na saka, Yaya. Na ga kamar ya fi dacewa da can.”

“Na ce ka ɓoye, sai ka kai shi inda duk hara ke taruwa? Da sunanmu a jiki? Wane irin wawa ne kai?”

“Na yi kuskure. A yi haƙuri.”

Taku biyu ne tsakanina da su. Ban yi takun ba, na tsaya har shayin ya huce, na koma kicin na sake ɗorawa.

Ba wanda ya zo da mota, ba wanda ya buga mana ƙofa. A hankali abin ya ci. Ranar farko wanda ke kusa da ƙanin maigida a sahu ya ɗan matsa. Mai kantin da ke ce masa ustaz ya koma miƙa masa kaya ba ya ɗaga kai. Matan da ke zuwa mini suka riƙa tambayata, cikin tausayi wai, ko gaskiya ne ana kunna kyandir a saman benenmu. Ni da na fi kowa zarginsa sai ga ni ina rantsuwa cewa alwalarsa ta fi ta mazajensu, kuma na san abin da nake faɗa, shekara uku ina dubawa. Kafin wata ya cika maganar ta kai Jarwal. Manajan otal ya kira shi ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma alhazai yake saukarwa, ba ya son mushkila. Igamar saura wata biyu, ba za a sabunta ba.

Ya so ya je ya samu kafilin da kansa ya yi bayani. Maigida ya hana. Ya ce tonawa za ta ƙara wari, kuma akwai 'ya mace a gidan da ba ta yi aure ba. Na ji shi ya ce, “To, Yaya,” kamar an aike shi sayen burodi.

Ko a nan zargina bai mutu ba, kaya kawai ya sake. Na ce me ya sa ya rufa mini asiri? Ajiye ni ya yi sai ranar tafiya ya fasa ƙwan a gaban mijina da 'yata. Wata biyu ina cin abinci ba na jin gishiri. Duk sanda ya ce “Yaya” sai gabana ya faɗi. Wani lokaci kuma in ce wannan sunkuyar da kai ai daga littafin nan ya koyo ta, a bi na sama ko ya zalunce ka, wato dai maganata ta fito. Sai in tuna ai haka malamanmu ma suka ce, in rasa gefen da zan ajiye shi. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, nawa ko gaskiyar bai samu zama ba.

Ranar tafiyarsa ya yi ɗawafin bankwana da sassafe, ya dawo ya durƙusa gaban maigida, suka yafi juna. Motar Jidda na jira a bakin layi. Ina kicin na ba wa ƙofa baya, ina ta wanke tukunyar da na riga na wanke. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Ƙunshin ne a hannunsa, cikin ƙyallen nan, har ƙullin irin nawa ya yi.

“Yaya, ga ajiya. Ba na so a buɗe jakata a hanya a sake wata magana.”

Na ce, “Me ya sa ni?”

“Ke ce na tabbata ba za ki jefa shi a shara ba.”

Ya ajiye a kan firji, ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini a zamanmu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah Ya kiyaye hanya.”

Maigida ya rasu bayan shekara biyu. Har ya koma ga Allah, in an ambaci ƙaninsa sai ya girgiza kai ya ce yaron kirki ne amma wauta ta yi masa yawa, ni kuma ina zaune a gefensa ina ɓare masa lemo. Sau da yawa na ɗauko maganar har bakin harshe. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, tsoron yadda zai juyo da idanun nan da ba sa gani ya dube ni.

Rusau ya ci layinmu, mun koma wani gidan haya nesa da Harami. Kaya da yawa na bari a tsohon gida, har tukunyar uwata, amma ƙunshin ya biyo ni. Yana saman kabad, don ban san inda ya dace da shi ba, ba zan haɗa shi da Alƙur'ani ba, ba kuma zan sa shi inda ƙafa ke kaiwa ba. Duk Salla ƙanin maigida yakan kira. Ya koma koyarwa a wata makaranta a garinsu. Bayan gaisuwa sai ya ce, “Yaya, ajiyata na nan?” In ce tana nan. Ina riƙe da wayar ina jiran tambaya ta biyu, ba ya yi, sai ya ce ga matarsa mu gaisa. Mace ce mai fara'a, kullum sai ta ce in na shiga Harami in yi mata addu'a Allah Ya kira ta. Har yau ba ta ga Ka'aba ba.